Matar da ke Cikin Kunnen Haldun Baba

Duk Istanbul an san mawaƙin nan Haldun Baba ba ya manta sunan masoyinsa. Ko sau ɗaya ka taɓa biyan kuɗin gaisawa da shi kafin wasa, in ka dawo bayan shekara biyar zai ware hannuwa ya kira ka da sunanka, har ya tambaye ka ya ƙafar mahaifiyarka. Ƙarti masu gemu da zanen tawada a fata har wuya sun sha fitowa daga ɗakin gaisuwar suna share hawaye. 'Yan jarida sun rubuta, an yi ta maimaitawa, har magana ta zauna daram. To, ƙarya ce tsagwaronta. Haldun Baba ko sunan mai yi masa aski bai riƙe ba, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan idanunsa ba sa bambance fuska da fuska. Haske da inuwa kawai yake gani. Shi ya sa baƙin tabarau ba ya barin fuskarsa, mutane kuwa suna cewa ai gayun mawaƙan rok ne. Wadda ba ta mantuwa ita ce Nermin.

Nermin ta haura hamsin da biyar. Gajera ce mai jiki, mai saurin baki, tana zaune a unguwar Uskudar da mahaifiyarta da ta daina fita. Shekara ashirin ta yi a teburin karɓar marasa lafiya na wani asibitin ido, inda aka san in ka zo sau ɗaya ta riƙe ka ke nan, kai da ciwonka da wanda ya rako ka. A nan Tolga, manajan Baba, ya gano ta ranar da ya shigo da shi a ɓoye ta ƙofar baya. Bayan sati biyu ya ajiye mata takarda ta sa hannu. Sharaɗi ɗaya ne a ciki mai nauyi: ranar da wani ya san da ita, ranar aikinta ya ƙare. Ita kuwa ta bar asibiti, shekarunta sun wuce na neman sabon aiki, ga tsohuwa a gida. Ko tsohuwar ta ɗauka a ofishin sayar da tikiti 'yarta take. Abin dariyar shi ne Nermin ba ta ƙaunar kiɗan nan ko kaɗan. Da an fara dukan ganguna take cusa auduga a kunne ta kama hanyar jirgin fito.

Aikin nata ƙarfe huɗu na yamma yake farawa, kafin a buɗe wa sauran jama'a ƙofa. Mutum sittin ne suke sayen tikitin gaisuwa, mai tsadar da za ta cinye wa ma'aikaci albashin sati biyu. Kowa a ɗaura masa roba mai lamba a wuyan hannu, a karɓe wayarsa, a riƙa shigo da su layin mutum goma, in ɗaya ya fita ɗaya ya shigo. Sakan arba'in kowa yake samu: gaisuwa, hoto, a tsiyaya maka turaren lemo a tafin hannu, ka kama gabanka. Ita Nermin tana can bayan bango, a ɗakin da ake jibge akwatunan kayan kiɗa, da ɗan allon da ke nuna mata ɗakin, da baƙaƙen littattafanta, da maɓalli biyu. Ɗaya yana kai muryarta cikin wani ɗan abu da aka cusa wa Baba a kunnen hagu, ƙarƙashin furfurarsa mai sauka kafaɗa. Ɗayan na kunnen Tolga ne. Makirfon da ke ɓoye a wuyan rigar Baba kuwa yana kawo mata duk abin da aka faɗa, har numfashi.

Ta wannan makirfon ta san mutane fiye da yadda 'yan uwansu suka san su. Mutum in ya san sakan arba'in gare shi, ba ya ɓata su a kan yanayin gari. Abin da ke cin ransa yake amayarwa. Nermin tana ji, tana rubutawa, kuma ba za ta yarda ba ko da wuƙa a wuya, amma tana son mutanen nan. Ba ta taɓa haihuwa ba, ba ta taɓa gaisawa da ko ɗaya daga cikinsu ba, amma in wani ya yi shekara biyu bai zo ba sai ta shiga damuwa.

Ƙa'idarta ɗaya ce, ita ta kafa wa kanta: fuska tukuna, sannan suna. Sai ta ga mutum a allo ta tabbatar shi ne kafin ta buɗe baki.

Wata ranar Asabar cunkoson motoci a kan gada ya riƙe Baba, bai iso zauren da ke Kadikoy ba sai biyar saura kwata. Tolga ya leƙo ɗakin akwatuna yana zufa, ya kira ta Abla, wato Yaya, yadda ya saba.

"Abla, yau gudu za mu yi. Sakan ashirin da biyar."

"A sakan ashirin da biyar ko kurɓin shayi bai sauka ba, Tolga."

"Ba shayi suka zo sha ba."

"Kai dai Allah ya shirye ka. Mutane kake turawa kamar tumaki a kwata."

"Ni ke turawa, ke ke cin naman. Zan riƙa kira miki lamba, ke dai ki jefo suna."

Haka aka fara. Tolga ya kira lamba, ta duba jerin sunaye, ta buɗe littafi, ta raɗa wa Baba, kafin ya gama ware hannu an kira ta gaba. Wajen lamba ashirin ta ga in ta tsaya ɗaga kai ta dubi allo, za a bar Baba tsaye baki buɗe. Sai ta daina ɗagawa. Ta san ta karya ƙa'idarta, ta ce a ranta yau ɗaya dai.

"Talatin da bakwai," in ji Tolga.

Ozan Demirkol. Har murmushi ta yi, don wannan ko littafi ba ta buƙata. Saurayi ne siriri mai kunya, zuwansa na biyar ke nan. Ta danna maɓalli.

"Ozan ne. Mai jita, wanda ke aiki a ɗakin ajiyar magani. Tsokane shi a kan waƙar da ya ce yana haɗawa."

Baba ya saki muryar nan tasa da ke cika fili. "Ozan! Ɗana! Zo nan, ja'iri. Ka gama waƙar nan ko har yanzu kana jan ƙafa?"

Ba a amsa ba. Dariyar da ta saba ji daga layi ma ba ta zo ba. Nermin ta ɗaga kai.

Wanda ke tsaye gaban Baba tsoho ne, zai yi saba'in, da farin gashin baki da kwat mai maɓalli har sama, irin wadda ake ajiyewa don biki da jana'iza. Hularsa na hannu. Robar lamba talatin da bakwai ta matse masa kaurin wuyan hannu.

"Ozan yau kwanansa arba'in da uku a ƙasa," in ji tsohon. "Mota ta buge shi a kan babur. Ni mahaifinsa ne. A wayarsa na ga tikitin."

Mutum tara ne a layi bayan tsohon, duk sun ji, duk sun gani. Wata ta toshe baki da hannu. Wani mai dogon gashi ya karkata ga abokinsa, makirfo ya kawo mata maganarsa tar: "Kai, wai bai ga tsoho ba ne a gabansa?"

Tambayar da aka yi shekara goma sha ɗaya ana gudu ke nan. In ta fita daga ɗakin nan, kafin a fara wasa ta zaga gari, kuma tambaya ta biyu a bayanta take: in ba ya gani, wa ke faɗa masa sunaye?

Baba ya sandare da hannuwa a ware. Ta ji numfashinsa ya canza, sannan can ƙasa, ba tare da ya motsa leɓe ba, ya ce, "Nermin." Bai taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba.

"Kada ka ja baya," ta raɗa masa. "Sauke hannu a hankali. Yi masa ta'aziyya. Ka ce tafiyarsa ka gani, tafiyarsu ɗaya."

Baba ɗan wasa ne tun kafin a haifi rabin mutanen ɗakin. Ya dafe ƙirji. "Allah ya jiƙansa, ya ba ka haƙuri, ɗan'uwa. Ka yafe ni. Yadda ka tako ɗin nan, wallahi shi na gani."

"Da uwarsa yake kama," in ji tsohon. "Ko tsayi bai ɗauko ni ba."

Muryar Tolga ta faɗo wa Nermin a kunne. "Abla, rufe maganar nan. Hoto, turare, waje." A allo ta ga ya ɗaga wa ƙartin ƙofa biyu yatsa, sun fara matsowa. Ta danna maɓallinsa da ƙarfi.

"Ka bari a taɓa tsohon nan, na rantse zan zare waya in naɗe hannu. Sai ka ga wanda zai ba shi sauran suna ashirin da uku."

"Kin haukace ne? Tikitin ma ba nasa ba ne!"

"A fitar da uban mamaci ana ja a gaban mutum tara? Kai ka san me zai biyo baya. Ja karnukanka."

Tolga ya zage ta ƙasa ƙasa, amma ya sauke yatsa.

Tsohon bai ma lura da su ba. Ya gyara tsayuwa kamar mai ba da shaida a kotu. "Sunana Ismet. Shekara talatin da takwas na yi a ɗakin injin jirgin fito. Yaron nan ya zo ya ce mini wai kai ka san shi, wai da sunansa kake kiransa. Na ce kai tafi can, mutum kamar wannan ina shi ina ɗan mai goge baƙin mai? Kuɗinka kawai suke ci. Na kira shi maƙaryaci a kan tebur, gaban uwarsa. Tun ranar bai ƙara cin abinci da mu ba." Ya ɗaga hannun da ke da robar. "Yanzu ka kira sunansa. To suna yana jikin tikiti, kowa zai iya karantawa. Faɗa mini abin da ba ya jikin takarda."

Mai hoto ya sauke kyamara. Nermin ta jawo littafin, ta buɗe shafin Ozan, ko da yake ta san abin da ke ciki.

"Zuwansa na farko shekara shida ke nan," ta raɗa. "Ya kasa magana. Rigar fata ya aro, ta yi masa yawa, hannunta ya rufe masa yatsu."

Baba ya ɗan yi shiru yana saurara, sannan ya faɗa, ya ƙara gishiri irin nasa. Wani a layi ya yi 'yar dariya mai haɗe da kuka.

"Ta ɗan ƙanwata ce rigar," in ji Ismet a hankali.

"Na biyu ya kawo maka zaitun a kwalba, ya ce na garin mahaifiyarsa ne, ita ta jiƙa da hannunta. Ka ce ka cinye." Gaskiyar magana Nermin ce ta cinye, ita da tsohuwarta, sati uku suna karin kumallo da shi.

Baba ya sake yin shiru, ya sake faɗa. Ismet ya matse hularsa. "Ta ce mini maƙwabciya ta ba."

"Na uku ya zo da bandeji a yatsa, akwati ya faɗo masa a wurin aiki. Yana tsoron ba zai ƙara kaɗa jita ba. Ka ce masa da yatsa uku ma ana yi."

Sakan ashirin da biyar sun daɗe da wucewa, an shiga minti na uku. Tolga yana ta shawagi a bakin ƙofa, amma layin ya lafa, mai dogon gashin nan ma ya sunkuyar da kai. Nermin ta fara jin kamar za a tsira. Sai tsohon ya matso taku ɗaya, muryarsa ta faɗi.

"Ni fa? Ya taɓa ambato na?"

A ƙasan shafin akwai layi ɗaya da ta ja wa jan biro tun zuwan farko: kada a tambaye shi mahaifinsa. Shi ke nan abin da littafi ya sani. Tana iya ƙirƙiro wata magana mai daɗi, irin su yana ƙaunarka, yana alfahari da kai, wadda za a iya faɗa wa kowane uba. Amma tsohon nan ba zai saya ba, ta gani a fuskarsa. Kuma ta ji kunyar yi wa Ozan ƙarya a baki yana kabari.

Sai ta tuna abin da ba ta rubuta ba, don ba ta ga amfaninsa a gaisuwa ba. Bara ne, da kaka. Ana gwada kayan kiɗa a can cikin zaure, sautin yana shigowa ɗakin, Ozan ya ce wa Baba tsirkiya ɗaya ta saki a jitar da ake gwadawa. Aka duba, haka ne. Baba ya yaba masa kunne, yaron ya yi dariya ya ba da amsa.

Ta danna maɓalli. Muryarta ta fi yadda ta saba ɗagawa. "Ka ce masa bara ka yaba wa Ozan kunne. Ya ce, ai kunnen babana ne. Yana saman jirgi yana shan shayi zai ji injin ya canza numfashi a ƙasa, kafin kowa ya sani. Ya ce, ni na gada, amma ba zan faɗa masa ba, sai ya fasa kai."

Baba ya faɗa, wannan karon bai ƙara komai ba.

Fuskar Ismet ta narke. Bai yi kuka ba. Ya tako ya rungumi Baba irin rungumar maza a gidan makoki, ya haɗa gefen kansa da na Baba ta dama, sannan ta hagu. Nermin kuwa, da hawaye ya rufe mata ido, yatsanta na kan maɓalli har yanzu, tana ta cewa, "Riƙe shi, riƙe shi da kyau, kada ka sake shi."

Ta ga tsohon ya tsaya cak. Kunnensa yana manne da kunnen hagun Baba.

Ta ɗauke yatsa, amma aikin gama ya gama. Ismet bai saki Baba ba. Ya ɗan sunkuyar da kai har bakinsa ya kusa taɓa wuyan rigar, ya yi magana ƙasa ƙasa yadda ba wanda zai ji a ɗakin. A kunnen Nermin kuwa kamar yana zaune gefenta.

"'Yata. Ke da ke cikin kunnensa. Na ji ki."

Tolga yana kallo daga ƙofa, bai san me ake ciki ba.

"Tun ɗazu nake jin yana jira kafin ya yi magana. Na ce wannan injin wani ke ba shi mai." Ya ƙara matso da bakinsa. "Ashe bai san yarona ba."

Jimla ɗaya ta rage. In ya juya ya faɗa wa mutum taran nan, shi ke nan, an gama da Baba, an gama da ita. Kuma da ya faɗa da bai yi zalunci ba, don kuɗin ɗansa aka karɓa sau biyar a kan abin da babu. Nermin ta dafe bakin tebur tana jira. Tsoro take ji, tsoro sosai, irin wanda rabonta da shi tun ranar da aka kwantar da mahaifinta a asibiti.

"Ke kika san shi," in ji Ismet. "Shekara ashirin da bakwai yana gidana, ban san yana da kunnena ba. Ke minti nawa aka ba ki da shi?"

Ba ta da hanyar amsa masa. Muryarta kunne biyu kawai take zuwa a duniya, kuma nasa ba ya ciki. Da tana da hanya ma, me za ta ce? Zuwa huɗu, sakan arba'in arba'in. Ko minti uku ba su cika ba.

Tsohon ya saki Baba, ya gyara masa wuyan riga da hannu biyu, yadda ake yi wa yaro zai tafi makaranta. Ya juyo ya fuskanci layi, ya ɗora hularsa a ka.

"An san shi a nan," ya ce. "Yaron bai yi ƙarya ba. Ni na yi."

Mai hoto ya ɗaga kyamara, Ismet ya girgiza kai. "Hoton nasa ne, ba nawa ba." A bakin ƙofa ya tara hannu aka tsiyaya masa turaren lemo, ya shafa a fuska, ya fita. Nermin ta bi bayan kwat ɗinsa da ido har ya fice daga allo. Ba ta da damar tashi, ɗakin akwatuna daga waje ake kulle shi har sai an sallami kowa.

Tolga ya sauke ajiyar zuciya a kunnenta. "Kai, Abla, kin iya. Mun sha da ƙyar. To maza, mun ci lokaci. Talatin da takwas."

Wata mata ta tako gaba tana share ido da bayan hannu, tana murmushi tun kafin a kira ta. Nermin ta dubi fuskarta. Malamar makaranta ce daga Bursa, mai 'yan tagwaye mata, mijinta ya daina shan taba bara. Baba ya ware hannuwa, ya ɗan karkatar da kai hagu yana jira.

Nermin ta kai yatsa kan maɓalli, sai ta janye shi. Ba ta yi niyyar komai ba, ba ta yanke wata shawara ba. Kawai ta ji ba za ta iya sake ɗaukar abin da ke nata ta zuba a bakin wani ba, ba yanzu ba.

"Talatin da takwas, Abla. Abla! Nermin!"

Sakan biyar suka wuce, goma suka wuce. Murmushin matar ya fara dusashewa. Baba ya sauke hannuwansa. Ya lalubi iska har ya sami hannun matar, ya riƙe shi da nasa biyu, da wata ƙaramar murya da ba a taɓa jin sa da ita ba ya ce, "Yi haƙuri, 'yata, ba na ganin ki. Yaya sunanki?"

Zuwan matar na bakwai ke nan. Nermin ta san sunanta, ta san na tagwayenta, ta kuma san da wannan tambayar aikinta ya ƙare. Amma yatsanta bai koma kan maɓallin ba.